Yadda ma'aikaci zai sa hukuma ta ɗauki kuɗin shari'a idan an kai shi ƙara a kan filin gwamnati

A Maradi ƙasa ta yi tsada, gari kuma sai cin gonakin da ke kewaye da shi yake yi, don haka duk filin da ba a zagaye da katanga ba akwai mai yi masa kallon nasa. Harabar makarantar da ba ta da shinge, da filin da aka ware wa asibiti a sabon rabon fuloti, da burtalin da dabbobi ke bi, da gefen gandun daji, duka dukiyar jama'a ce, amma kullum mutum ɗaya ne yake tsaye a bakinta, wato daraktan makaranta, ko majon asibiti, ko ma'aikacin gandun daji, ko jami'in filaye na ma'aikatar magajin gari. Ranar da ya hana wani yin gini, sau da yawa shi ake kawo wa sammaci da sunansa na yanka, kamar a kan gonar gadonsa ake jayayya. Abin da yake hana shi barci a daren nan shi ne tunanin wanda zai biya lauya. A ƙa'ida hukuma ce za ta biya, sai dai hukuma ba ta biyan abin da ba a sanar da ita ba tun farko, kuma sanarwar baki ba ta shiga littafinta. Yawancin ma'aikatan da na ga kuɗinsu ya salwanta a irin wannan shari'a, a cikin makon farko suka yi asarar, tun kafin a zauna kotu.

Ya kamata mai karatu ya san inda haƙƙin ya samo tushe, domin da shi zai kafa hujja a wasiƙarsa. Dokar ma'aikatan gwamnati ta Nijar, mai lamba 2007-26 ta ranar 23 ga Yuli 2007, ta ɗora wa gwamnati nauyin kare ma'aikacinta daga barazana da cin mutuncin da zai iya fuskanta saboda aikinsa. Bayan haka, tsarin shari'ar mulki da muka gada daga Faransa ya raba kuskuren ma'aikaci gida biyu, tun daga wani hukunci da aka yanke a can a 1873. Akwai kuskuren aiki, wanda ya auku a cikin gudanar da hidimar da aka ɗora wa mutum, kuma nauyinsa yana kan hukuma. Akwai kuma laifin ƙashin kai, wanda mutum ya aikata don son zuciya ko ƙeta ko wuce gona da iri, kuma a nan shi zai ɗauki kayansa. Daraktan da ya rubuta wa mai gini takardar dakatarwa, ya sanar da shugabanninsa, yana cikin inuwar hukuma ko da daga baya kotu ta ce awon filin bai yi daidai ba. Wanda kuwa ya mari magini, ko ya yanki wani ɓangare na filin ya sayar wa surukinsa, ya fita daga wannan inuwa, kuma ko hukuma ta biya diyya a madadinsa tana da ikon juyowa ta nemi kuɗinta a wurinsa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wuri mai santsi, kuma a nan ne ma'aikata masu kishi suka fi zamewa. Na san wani daraktan firamare a wata unguwa ta bakin gari wanda ya dawo daga babban hutu ya tarar an haƙa tushe, an jera bulo layi uku a kusurwar filin da yara ke wasan ƙwallo. Ransa ya ɓaci, ya tara manyan ɗalibai da wasu iyaye, kafin azahar sun kwashe bulon sun jibge a bakin hanya, rabinsa a farfashe. A kan maganar fili shi ne mai gaskiya, amma ya rushe ba tare da takardar gargaɗi ba, ba kuma da umarnin wani na sama da shi ba, sai mai ginin ya sami ƙofar kai shi ƙara a kan ɓarnar dukiya. Abin da ya dace shi ne ya ɗauki hoto, ya rubuta rahoto a ranar, ya nemi a turo wisiye, wato jami'in da ke kai takardun kotu, ya zo ya rubuta abin da idonsa ya gani, sannan hukumar da ke da filin ta ba mai ginin wa'adi a rubuce. Rushe gini aiki ne da ake yi da umarnin hukuma, kuma ma'aikacin da yake son a biya masa lauya gobe sai ya kame hannunsa tun yau.

Idan sammaci ya riga ya zo, a karɓa, domin ƙin karɓa ba ya tsayar da shari'a, sai dai ya jawo a yanke hukunci mutum ba ya nan. Bayan an sa hannu sai a zauna a karanta takardar a tsanake, in da hali tare da wanda ya saba da faransancin kotu. A duba wanda aka kira: mutum ne da sunansa kaɗai, ko an haɗa da muƙaminsa, ko kuwa gwamnatin Nijar ko ƙaramar hukuma aka ambata, shi kuma an bi ta hannunsa ne kawai. A duba kotun da ranar zama, a kuma tantance ko ƙarar neman haƙƙi ce, inda mai ƙara yake cewa filin nasa ne ko yana neman diyya, ko kuwa kira ne daga komisariya ko jandarma ko mai gabatar da ƙara a kan tuhumar laifi. Hanyoyin biyu sun bambanta, kuma za a dawo kan ta biyun a gaba.

A ranar, ko washegari in an makara, sai a rubuta wasiƙar neman kariya. Ba doguwa ake so ba. Mutum zai faɗi sunansa da muƙaminsa da lambar aikinsa, ya bayyana filin da abin da ya faru da kwanan watan kowane mataki, ya nuna cewa abin da ya yi a cikin aikinsa ya yi shi, sannan ya roƙi abu biyu a fili: hukuma ta shigo cikin shari'ar a matsayin mai filin, kuma ta ɗauki nauyin lauya da sauran kuɗin shari'a. A haɗa da kwafin sammaci da rahoton farko da hotuna. Wasiƙar za ta bi matakan shugabanci, malami ta hannun sufetonsa, ma'aikacin gandun daji ta hannun daraktansa na gunduma, a aika wa prefe, wato shugaban gunduma, kwafi. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne a kai ta ofishin karɓar wasiƙu, a tsaya har sakatare ya shigar da ita a babban littafi, ya buga hatimi mai kwanan wata da lamba a kan kwafin da mutum zai koma da shi gida. Daraktan nan da na ambata bai yi haka ba. Ya tari shugabansa a bakin mota ya ce, "Ranka ya daɗe, an kawo mini sammaci a kan filin makaranta," shi kuma ya amsa, "Kada ka damu, Mushe, muna tare da kai." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma bayan wata huɗu aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma bai tarar da ko layi ɗaya a rubuce ba.

Daga nan sai a gano hukumar da filin yake hannunta, domin ita ce za ta biya, kuma ba koyaushe ce wadda take biyan ma'aikacin albashi ba. Idan filin na gwamnatin ƙasa ne, akwai hukumar da aka kafa a 2016 don ta tsaya wa gwamnati a gaban kotuna, wato Agence Judiciaire de l'Etat, wadda aka fi sani da AJE, mai mazauni a Yamai. Ita take karɓar fayil, ta bi shari'ar da jami'anta ko ta damƙa wa lauyan da take aiki da shi. Ma'aikacin da ke Dakoro ko Tasawa ba zai zauna yana jiran AJE ta ji labari da kanta ba, sai ya bi sawun wasiƙarsa daga gunduma zuwa ofishin gwamna da ma'aikatarsa, yana tambayar lambar da aka tura ta da ita a kowane mataki. Idan kuwa filin na ƙaramar hukuma ne, dokar ƙananan hukumomi mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga Satumba 2010 ta sa magajin gari ne yake wakiltar ƙaramar hukuma a kotu, kuma tun watan Afrilu 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da aka naɗa ne suke riƙe da wannan aiki. A cikin birnin Maradi mai da'ira uku, ko da wasiƙa ta fara daga da'ira, a tabbatar ta isa babbar ma'aikatar birni. Makarantun firamare da ƙananan asibitoci su ne suka fi rikitarwa, tun da a 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, ga shi kuma malamin ma'aikacin gwamnatin ƙasa ne. A irin wannan hali shawarata ita ce a rubuta wa ɓangarorin biyu a rana ɗaya, kowanne ya ga an sanar da ɗayan, don kada su yi ta tura wa juna har ranar zama ta zo.

Babban kuskuren da ake yi shi ne gaggawar ɗaukar lauya. Mutum ya firgita, wani ɗan'uwa ya ba shi lambar wani Metir, ya ci bashi ya biya kafin alƙalami, sannan ya dawo da rasit yana neman a mayar masa. Baitulmali ba ya biyan hidimar da ba a amince da ita ba kafin a yi ta, kuma lauyan da ma'aikaci ya ɗauka da kansa lauyansa ne, ba na hukuma ba. Idan ranar zama ta ƙarato amsa ba ta zo ba, ma'aikaci ya je kotu da kansa, riƙe da kwafin wasiƙarsa mai hatimi, ya shaida wa alƙali cewa filin na hukuma ne, shi mai tsaro ne kawai, ya roƙi a ɗage zama har a kira mai filin. Wannan roƙo yana da ƙarfi, domin hukuncin mallakar fili da aka yanke a kan wanda ba shi da filin ba ya kashe rigima. Da zarar lauyan hukuma ya shigo, abu na farko da za a nema shi ne a fitar da sunan ma'aikacin daga shari'ar, a bar hukuma da mai ƙara.

Lauya ba ya haƙo hujja daga ƙasa, ma'aikacin da ke wurin ne zai tara masa, kuma yawan kuɗin da shari'a za ta ci ya danganta da kyawun wannan tari. A cikin gari ana neman taswirar rabon fuloti wadda ta nuna an ware wurin don amfanin jama'a, da takardar da aka miƙa wa ma'aikatar filin da ita, da takardar mallaka idan an yi, da rahoton kafa duwatsun iyaka. A karkara kuwa, tun da aka kafa tsarin dokar karkara da doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, akwai kwamitocin filaye a ƙauye da ƙaramar hukuma da gunduma, waɗanda ake kira COFOB da COFOCOM da COFODEP, kuma a wurinsu ake samun takardun shaidar kyauta da saye da aro da jingina, da rajistar burtali da makiyaya da aka shata. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ƙarfafa matsayin burtali da makiyaya a cikin dukiyar jama'a, ita kuwa dukiyar jama'a ba a sayar da ita, kuma daɗewar zama a kanta ba ya mayar da ita ta mutum. Wannan ƙa'ida ita ce garkuwar ma'aikacin da aka ce masa, "Shekara ashirin ina noma wurin nan ba wanda ya ce mini uffan."

Matsalar ita ce makarantu da yawa na ƙauye a kan filin da mai gari ko wani dattijo ya bayar da baki aka gina su, a zamanin da ƙasa ba ta da tsada, yanzu kuma jikoki sun taso suna cewa aro ne. A nan sai a nemi dattawan da suka halarci bayarwar tun suna da rai, a kai maganar gaban mai gari ko hakimi, tun da a rigimar ƙasa ta gargajiya sarakuna ne suke fara yin sulhu, kuma ko an daidaita ko ba a daidaita ba a karɓi takardar zaman sulhun. Idan kuma mai ƙara yana cewa an karɓe gonar mahaifinsa lokacin rabon fuloti ba a biya shi ba, kada ma'aikaci ya ɓoye wa lauya wannan magana don tsoron ta raunana shari'a. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a, mai lamba 61-37 ta ranar 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka gyara a 2008, ta wajabta biyan diyya, kuma idan da gaske ba a biya ba, bashi ne a kan hukuma. Sau da yawa daidaitawa a kan diyyar ya fi wa baitulmali sauƙi bisa shekarun ɗaukaka ƙara.

Kuɗin shari'a ba dunƙule ɗaya ba ne, don haka a rarrabe su tun a takardar amincewa. Akwai ladan lauya, akwai kuɗin wisiye na kai takardu da rubuta shaidar gani da ido, akwai na magatakardan kotu, akwai na mai awon fili idan kotu ta naɗa shi, akwai kuma na zuwan alƙali wurin da ake jayayya, wanda a rigimar iyaka kusan ba makawa. A ƙarshe kotu takan ɗora kuɗin gudanar da shari'a a kan wanda ya faɗi, amma wannan bai haɗa da ladan lauya kai tsaye ba, kuma kafin a kai can dole wani ya fara fitarwa. Idan ƙaramar hukuma ce ta ɗauki lauya, a rubuta yarjejeniya da sunanta, kantoma ya sa hannu, a fayyace ko ladan ya tsaya a kotun farko ko ya haɗa da ɗaukaka ƙara. Yawancin lauyoyin ƙasar a Yamai ofisoshinsu suke, tsakanin Yamai da Maradi kuwa ya haura kilomita 600, saboda haka kuɗin mota da masauki na kowane zama, har da zaman da aka ɗage ba a yi komai ba, sai an faɗi wanda zai ɗauka. A rubuta adadin da faran, da lamba da kuma harafi, domin mu a baki da dala muke ƙirga, wato faran biyar-biyar, kuma wanda ya ce ɗari biyu yana nufin jaka ɗaya zai iya samun saɓani da wanda ya ji faran 200.

Biyan kansa yana bin hanyar da kowane kuɗin hukuma yake bi. Mai ikon ba da umarnin kashe kuɗi zai fara ware adadin daga layin kasafin da aka tanada don takardu da shari'a, lauya ya kawo takardar neman biya mai ɗauke da lambarsa ta haraji, a tabbatar a rubuce cewa an yi aikin, a fitar da umarnin biya, sannan ma'ajin ƙaramar hukuma ko baitulmali ya biya. Hanyar tana da jinkiri, musamman idan layin ya ƙare a tsakiyar shekara har sai an yi gyaran kasafi. Duk da haka kada jinkirin ya sa a taɓa kuɗin da ba na wannan aiki ba. Harajin kasuwa da aka karɓo yau, da kuɗin kwamitin iyayen yara, da na maganin asibiti, kowanne yana da gurbinsa, kuma wanda ya ɗiba ya biya wisiye, ko da niyyarsa ta kare filin jama'a ce, ya buɗe wa kansa wata shari'ar da ta fi ta farko muni. Ƙananan abubuwan da ma'aikaci ba zai iya kauce wa biya daga aljihunsa ba, kamar fotokopi da kuɗin mota zuwa kotu, ya nemi takardar izinin tafiya aiki kafin kowace tafiya, a buga mata hatimi a inda ya je, ya adana kowane rasit a cikin fayil ɗaya.

Tuhumar laifi tana da nata hukunci. Idan mai gabatar da ƙara ya tuhumi ma'aikaci, misali da ɓarnar dukiya, hukuma za ta iya tsaya masa da lauya muddin abin da ya yi yana cikin aikinsa, amma sunansa ba ya fita daga shari'ar, kuma tarar da aka ci shi ko ɗaurin da aka yanke masa nasa ne shi kaɗai. A nan jira yana da haɗari, don haka idan amsa ta yi jinkiri mutum ya nemi lauya don ya kare kansa, ya kuma sanar da hukuma a rubuce a ranar cewa tilas ce ta sa, yana neman ta amince da wannan lauyan. Wasu sukan tambayi hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar ranar 14 ga Disamba 2011 don taimakon shari'a. An yi ta ne domin marasa ƙarfi da wasu rukunin mutane da doka ta ambata, ba domin ta ɗauke wa hukuma nauyin kare ma'aikatanta ba, ko da yake ofishinta wuri ne mai kyau na neman bayani.

Ranar da aka yanke hukunci, a tambayi lauya tun a harabar kotu wa'adin ɗaukaka ƙara da ranar da ya fara ƙirguwa, a rubuta wa shugabanni sakamakon a ranar, domin shawarar ɗaukaka ƙara ta hukuma ce, kuma kuɗinta yana buƙatar sabuwar amincewa idan yarjejeniyar farko ba ta haɗa da shi ba. Idan hukuma ce ta yi nasara, a karɓi kwafin hukuncin daga magatakarda, a sa wisiye ya kai wa ɗaya ɓangaren, a kai kwafi ofishin filaye ko kwamitin filaye na wurin, sannan a nemi a kafa duwatsun iyaka a gaban mai unguwa ko mai gari da maƙwabta, a rubuta rahoto kowa ya sa hannu. Inda babu kuɗin katanga, ko shingen itatuwa aka dasa a kan layin ya fi barin wurin a buɗe. Fayil ɗin kuma a yi shi biyu, ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya a hannun ma'aikacin, kuma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki a ambaci shari'ar a cikin takardar miƙa aiki, da lambarta, da sunan lauya, da abin da aka biya, da abin da ya saura.